Sunan da Goggo Batula Ba Ta Faɗa

Dutsin-Ma,
6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga ɗalibata Sauda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na ɗakin shan magani a Wurma. Yaya zafin nan?

Na saurari zaman da kika naɗo mini da izinin Goggo Batula, baiwar Allahn da 'yan bindiga suka kashe wa ɗa a gaban idonta. Ina saurare ina bin takardar awo. Matakai goma sha biyu littafinmu ya tsara wa zama na huɗu, ba ki tsallake ko ɗaya ba. Na ba ki cikakken maki. Kin riƙe abin da nake yawan faɗa muku a aji: maganin nan na magana ne, ba allura ba ƙwaya, amma yana da ƙa'ida, wanda ya rage shi don tausayi ya cuci mai jinya.

Kin ce ba ta zo ranar Alhamis ba. Kada ki damu, lokacin sharar gona ne.

Allah ya yi miki albarka.
Malamarki,
Halimatu Sa'adiya

Dutsin-Ma,
27 ga Mayu, 2024

'Yata Sauda,

Bayan sallama da tambayar lafiya, wasiƙarki ta iso, ta kuma tayar mini da hankali. Mako uku Goggo ba ta zo ba, surukarta Mas'uda kuma ta ce ta koma zaman ɗaki, ta bar tatsar shanu, abinci sai an yi da gaske.

Na sake sauraron zaman, wannan karon na kife takardar. Mataki na bakwai ya ce a sa mai jinya ya ambaci sunan wanda ya rasa, sannan ya ba da labarin ranar. Sau biyar kika ce ta faɗi sunansa. Sau huɗu tana cewa "yaron nan". A na biyar ta ce, "Haba 'yar nan, ɗan fari ne fa." Daga nan ba ki ƙara samun komai a bakinta ba sai "to". Bafulatana ce, shekara talatin tana yi wa ɗanta Tukur alkunya, mutuwarsa ba za ta sa ta daina ba.

Laifin nawa ne. Na koya miki bin littafi, ban koya miki sauraron wanda ke gabanki ba.

Amma shawararki ta a bar matakin gaba ɗaya, a tsaya kan hira da motsa numfashi, ban yarda da ita ba. Labarin ranar shi ne ƙwayar maganin. In ba ta fitar da shi ba, zai ci gaba da cin ta. Ki bi ta har ruga, ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ki tambaye ta da me take kiransa. Abin da ta ce, shi za ki riƙe.

Ina jiran amsarki.
Halimatu Sa'adiya

Dutsin-Ma,
1 ga Yuli, 2024

'Yata Sauda,

Assalamu alaikum. Ya damina? Ina fata kowa lafiya.

Alhamdulillahi. Ashe "mai farin sa" take ce masa, wato mai farin bijimi. Na ji yadda kika bi ta da wannan suna, kina shiru in ta yi shiru, ba ki kuma bar ta ta kauce ba da ta zo wurin da aka harbe shi. Ta kai labarin ƙarshe, ta yi kukanta. Na yi murna da kika ce ta koma tatsa, har ta kai nono kasuwar Kurfi. Har yanzu ƙarar babur na firgita ta, don haka zama biyun da suka rage ki yi su yadda aka tsara.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Ni ma 'yar fari ce. Innata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke wannan" take cewa, kuma ban taɓa shakkar son da take yi mini ba. Duk da haka na zauna ina jin ana matsa wa wata uwa har sau biyar, na sa alamar daidai.

Jiya na karɓi littattafan 'yan ajin bana, su talatin da ɗaya. A gefen mataki na bakwai na rubuta wa kowa da hannuna: a fara tambayar ta da me take kiransa.

Ki gaishe mini da Goggo da Mas'uda.

Taki har kullum,
Halimatu Sa'adiya