Sifiri Ɗaya da Ya Mai da Mahaifina Ɓarawon Shanu

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar rajistar shanu da ake aiki da ita a ƙofar kasuwar shanu ta Wudil.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Hajara Haruna. Ina koyar da kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata, ina zaune a Sabon Garin Wudil. Mahaifina, Malam Haruna, manomi ne a Kausani, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarsu tun kafin a haife ni. Da wata biyu da suka wuce na rubuta wannan takarda, da ba za ta karantu ba saboda zafi. Yau alhamdu lillahi zuciyata a sanyaye take. Na zaɓi in rubuto a fili ne domin abin da aka yi wa Baba a fili aka yi shi. Shi bai so ba. Mutumin zamanin soja ne, a wurinsa talaka ba ya ɗaga wa manya murya a jarida. Na ce masa farar hula ke mulki yanzu, kuma ba zagi zan yi ba.

1. Abin da ya faru

Baba ya turke wani farin bijimi wata tara, a gidansa aka haife shi. Da aka zo da tsarin rajista yana cikin na farko da suka kai dabbobinsu, don ya ga yadda sata ta talauta maƙwabtansa. Aka maƙala wa bijimin roba mai lamba a kunne, aka ba shi takarda. Wata Juma'a kafin damina ya koro shi kasuwa don ya sayar ya sayi taki.

A bakin ƙofa ma'aikacinku, Malam Ɗanjuma, magidanci ne mai 'ya'ya, ya duba kunnen bijimin ya shigar da lambar a wayarsa. Sai fuskar wayar ta yi ja, ta yi ƙara, ta rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: SATA. Ya sake shigarwa, ta sake yin ja.

Ranka ya daɗe, ban sani ba ko ka taɓa tsayawa a kasuwar shanu lokacin da wannan kalma ta fita daga bakin wani. A wurin akwai mutanen da aka kwashe musu garke kaf, akwai wanda aka kashe masa ƙane a ruga. Kafin Malam Ɗanjuma ya ce wani abu an kewaye su. Wani ya fizge igiyar, wani ya buge wa Baba hula. Yana ta cewa, "Bayin Allah, ga takardata, ku duba takardata," ba mai saurare. Wani dattijo cikin dillalai ne ya ja shi cikin rumfarsa ya tsaya a ƙofa ya ce duk mai son taɓa shi ya fara ta kansa. Shi ma Malam Ɗanjuma ya tsaya kusa da shi, har ya sha sanda a kafaɗa. Da 'yan sintiri suka iso aka tafi da Baba ofishin 'yan sanda, kuma ina shaida ba su wulaƙanta shi ba. Mai unguwa ya karɓo shi bayan la'asar. Bijimin aka riƙe.

Baba bai sami Sallar Juma'a ba ran nan. Da ya koma gida ya shiga ɗaki, ya aika a gaya wa liman ya nemi wani ya riƙa kiran salla. Da na je na same shi zaune a kan buzu. Uwani yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwani, da wane bakin zan kira mutane salla, alhali ana nuna ni da yatsa?"

2. Abin da na gano

Na karɓi takardar rajistar na tafi gidan Malam Ɗanjuma. Kunya ta hana shi kallona. Na roƙe shi ya sake shigar da lambar a gabana, a hankali. Lambar bijimin alƙaluma takwas ce, na farkonsu sifiri. Ya shigar da su takwas cif, ina kallo. Amma da wayar ta yi ja, a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe na ga lambar da ta aika: bakwai ce. Sifirin ya ɓace.

Washegari na bi gidajen maƙwabtan Baba, na samo takardun shanu uku da lambarsu ta fara da sifiri. Muka gwada. Duka ukun sifirin ya faɗi. Su dai Allah ya sa amsar da ta dawo musu kore ce, don haka ba wanda ya taɓa lura. Na ɗauki hoton komai, na rubuto wa ofishinku. Shiru. Na sake rubutawa.

3. Inda laifin yake

Ban kai injiniyoyinka ilimi ba, amma zan faɗi abin yadda mai karatun jarida zai gane, don jama'a su san ba aljani ba ne ya shiga wayar.

Duk lokacin da aka danna lamba, wayar tana aika saƙo ta intanet zuwa babbar kwamfutarku. Wannan saƙo shi ake kira buƙata. Abin da babbar kwamfuta ta mayar shi ne amsa. Mai aikin tsanaki ba ya barin waɗannan biyu a matsayin tarin rubutu kara zube. Yana gina wa kowannensu siffa tabbatacciya, kamar fom mai gurabe: ga gurbin lamba, dole alƙaluma takwas, ga gurbin jinsi, namiji ko mace, ga na launi, ga na matsayi. Sannan ya sa sharaɗi cewa saƙon da bai cika waɗannan gurabe daidai ba, ba za a aika shi ba, kuma ba za a karɓe shi ba. A manhajarku ba a yi haka ba, sai kuskuren ya wuce ƙofa uku ba wanda ya tare shi.

Ta farko, wayar ta ɗauki lambar kunne a matsayin adadi na lissafi. A lissafi sifirin da ke gaba ba ya ƙara komai, sai ta yar da shi ta aika bakwai.

Ta biyu, babbar kwamfuta ta karɓi lamba guntuwa ba ta ce uffan ba. Ƙa'idar yanar gizo ta tanadi lambobin da ake mayar da amsa da su: 200 na nufin an samu, 404 ba a samu ba, 400 kuma buƙatarka ba ta cika ba, gyara ka sake turowa. Wannan ta ƙarshe ya kamata ta mayar. Maimakon haka ta laluba rumbunta ta ɗauko dabba ta farko da lambarta ta fara da waɗannan alƙaluma bakwai, ta turo da 200, wai komai lafiya.

Ta uku ita ta fi ci mini rai. Amsar ta zo da bayanin dabbar gaba ɗaya, amma wayar gurbi ɗaya kawai ta karanta, na matsayi. Ba ta gwada lambar da ta dawo da wadda aka tambaya ba. Da ta nuna wa Malam Ɗanjuma sauran bayanin, da shi da duk wanda ke wurin sun ga abin da na gani daga baya: dabbar da aka sace jar saniya ce, daga wata ƙaramar hukuma mai nisa. A gabansu kuwa farin bijimi ne tsaye.

4. Godiya

Bayan mako uku da takardata ta biyu, wata mata ta yi sallama a gidan Baba, ta ce ita ce Injiniya Rabi daga kamfaninku. Ta ce takardar tawa a cikin tarin ƙorafe-ƙorafe ta tsince ta, ba wanda ya miƙa mata. Ta cire takalmi ta durƙusa ta gaida Baba, ta buɗe kwamfutarta a zaure, ta nemo ainihin saƙon da ya fita ran nan da amsar da ta dawo. A nan na fara ganin jar saniyar. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Baba, ba ka yi komai ba. Mu muka yi kuskure, kuma ina cikin waɗanda suka rubuta wannan aiki. Ka yafe mana."

Baba ya ce, "'Yata, za ki iya maimaita wannan a gaban mai unguwa?" Ta ce ko yanzu. Suka tafi tare, ta maimaita, daga nan ta wuce ofishin 'yan sanda ta rubuta bayani da hannunta. Bayan kwana biyu aka sako bijimin. Ya rame, amma ya dawo. Liman da kansa ya zo ya kama hannun Baba ya kai shi masallaci da azahar. Ina tsakar gida na ji muryar Baba a lasifika yana kiran salla, na zauna a bakin rijiya na yi kukan da ban yi ba tun ranar farko.

Makon jiya Injiniya Rabi ta turo mini sabuwar manhajar in gwada. Na yi mata mugunta iya iyawata. Na sa alƙaluma bakwai, ta ƙi. Na sa harafi a tsakiya, ta ƙi. Na kashe data ana tsakiyar aikawa, ta rubuta cewa ba a sami amsa ba, ba ta yi ja ba. Na sa lambar bijiminmu, sifirin ya tafi ya dawo lafiya, ga jinsi ga launi a rubuce. Na tabbata wannan ramin an cike shi, kuma wallahi na ji sauƙin da ba zan iya kwatantawa ba. Allah ya saka mata da alheri. Ka riƙe ta da kyau.

5. Abin da ya rage

Na farko, a kasuwa aka kira Baba ɓarawo, kuma kasuwar Wudil daga nesa ake zuwa cin ta. Mutanen Kausani sun ji gaskiya, amma wanda ya zo daga wani gari ya koma da labarin farko. Ina roƙo a turo wakili ranar Juma'a ya faɗa da lasifika, da Hausa da Fulatanci, cewa kuskuren na'ura ne.

Na biyu, a binciki duk dabbar da lambarta ta fara da sifiri tun ranar da aka fara aikin. In an tare mai gaskiya, to ba mamaki an bar na sata ya wuce da kore. Kuma ba kowane dattijo ne ke da 'yar da za ta lura da ƙananan baƙaƙe ba.

Na uku, a cire kalmar SATA daga fuskar waya. Ko amsar daidai ce, na'ura ba alƙali ba ce. Ta ce a tsaya a bincika, kuma ta yi shiru, ba sai ta tara jama'a ba.

Na huɗu, ƙorafin da ya shafi mutuncin mutum ko ransa kada ya sake yin makonni a cikin tari.

Na biyar ba nawa ba ne, saƙon Baba ne. Mun ji cewa tun washegarin abin aka dakatar da Malam Ɗanjuma bisa zargin shi ya shigar da lamba ba daidai ba, kuma har yau ba a mayar da shi ba, duk da bayanan da ke cikin kwamfutarku sun wanke shi. Da na karanta wa Baba wannan takarda, ya ce, "Uwani, ki gaya wa mai kamfanin ni na yafe duniya da lahira. Amma mutumin nan abin da aka sa shi ya yi, kuma sandar da aka nufe ni da ita a kafaɗarsa ta sauka. A mayar da shi bakin aikinsa."

Ranka ya daɗe, ba na adawa da rajistar shanu, ina so ta ɗore. Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da ma'aikata masu faɗa maka gaskiya, ya tsare ka da zuriyarka daga ƙazafi da abin kunya, ya sa aikinka ya zama kariya ga masu dabbobi. Amin.

Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, Baba zai sake koro bijimin kasuwa. Na ce ya bari ƙanensa ya kai, ya ƙi. Ya ce da ƙafarsa zai je, kuma yana so ya tarar da Malam Ɗanjuma a ƙofar, shi zai duba lambar.

Wassalamu alaikum.

Taka cikin girmamawa,
Hajara Haruna,
Sabon Gari, Wudil.