A Bar Baduku Ya Zauna Kan Kujera

Zuwa ga Alhaji, mai rumfar jakunkunan fata da nake yi wa aiki a Ƙofar Marke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ranka ya daɗe, ni ne Umaru baduku, mai yi maka ɗinki tun ina saurayi. Na rubuto a fili ne don sauran masu rumfuna su ji.

Na ɗaya. Bara likita ya tabbatar ina da amosanin gaɓɓai. Da safe yatsuna kan kumbura su sandare, basilla ta gagare ni riƙewa. In na tanƙwashe ƙafa a tabarma kuwa, sai an kama ni nake tashi. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ce magani kaɗai ba zai riƙe ni a aiki ba. Ta ce in nemi kujera da tebur, in jiƙa hannu a ruwan ɗumi, in fara aiki da hantsi, in riƙa tashi ina motsa jiki.

Na biyu. Ranar da na shigo da kujera, wakilinka Malam Sani ya ce ba a taɓa yi ba, ƙarami a sama, manyansa a ƙasa. Wai girman kai ne, in zauna ƙasa ko in tafi gida. Wallahi na ji zafi, don da ɗinkin nan nake ciyar da iyalina. Ba wanda ya tambayi ciwona, tsawon kujera kawai aka duba.

Na uku. Ban tafi ba. Na ja kujerata bakin ƙofa, na naɗa wa basilla fata ta yi kauri, na ci gaba da aiki. Da ka zo ka duba ɗinkina, kai da kanka ka ce a mayar da ni ciki. Alhamdu lillahi, tun damina ban yi fashi ba. Shi Malam Sanin ma, in na fita alwala, a kan kujerar nake tarar da shi.

Roƙona biyu ne. A sanar da kowa cewa mai ciwo yana da damar kujera da aikin hantsi. Sannan a kira Malam Bello, wanda ya koya mini riƙon basilla. Irin ciwona ne ya sa aka sallame shi, ga shi can zaune ƙofar gidansa a Gidan Dahala, kuma har yanzu ya fi ni iya ɗinki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci rumfa da iyali.

Wassalam.
Umaru baduku, Sakkwato.