Kwalbar Suriani

Litinin, 6 ga Maris

Suriani ta karanta mini sashe na sha huɗu na yarjejeniyar hayar jirgin ruwa da ka: farar wutar da ke cikin man jirgi kada ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma a ɗebi man gwaji a gaban wakilinmu. Yara tara na horar a kamfanin nan, ba wanda ya kai ta. Juma'a watanni ukunta na gwaji za su cika, shugabanmu Mista Goh zai ce ta zauna ko ta tafi.

Laraba, 8 ga Maris

Na tura ta tashar jiragen ruwa ta Tuas ta tsaya a zuba wa jirginmu mai. Na koya mata yadda muke yi: masu mai za su miƙo kwalbar man gwaji da suka riga suka cika, da hatiminta, ki rubuta "na karɓa kawai", ki sa hannu. Ta ƙi karɓa! Wai sai an ɗiga daga bututu tana kallo. Ah Huat mai jirgin dakon mai ya kira ni, da sunan da suke kira na, Cikgu, wato malam: "Cikgu, ina ka samo wannan? Ɗigo take ƙirgawa kamar mai ba jariri magani!" Awa biyar tana tsaye cikin rana. Jirgi ya makara, Goh ya yi ta faɗa.

Na ce mata da ta bi shawarata. Ta ce, "Cikgu, ai kai ka ce 'a gaban wakilinmu' ba ado ba ne." Ni na faɗa kuwa. A aji.

Alhamis, 9 ga Maris

An kai kwalbar da ta ɗiba ɗakin gwaji, har yanzu ba sakamako. Ko shayina ban shanye ba.

Juma'a, 10 ga Maris

Sakamako ya fito: farar wuta ta wuce ƙa'ida. Da ta karɓi kwalbarsu, da jirginmu za a tsare idan ya isa tashar Rotterdam, mu za a kira masu ɓata iska, ba mu da bakin magana. Yanzu masu mai za su zuƙe kayansu. Goh ya ce, "Ki zo Litinin." Shi ke nan yabonsa. Na saya mata shinkafar kwakwa, nasi lemak, na ba duk wanda ya shigo lif labari. Ɗalibata ce!

Asabar, 11 ga Maris

Shekara ashirin da shida ina rubuta "na karɓa kawai". Kwalba nawa ke nan, hayaƙi nawa... Bari dai.

Zuba mai na gaba da ni za a je. Na ciro takalmin hawa jirgi daga ƙasan kabad. Ya ɗan matse ni.