Busar Yaya Sale

Kankiya, daren Alhamis, kakar 1971

Yau Yaya Sale ya fiddo kilarinet ɗinsa daga akwati, karo na farko tun dawowarsa daga yaƙi. Ita ce baƙar sarewar Turawa da yake busawa a badujalar soja. Kafin a tura su fagen daga ya tsara wata busa tasa, ta kilarinet ita kaɗai, ba ganga, ba mawaƙi, ya rubuta farkonta a takarda.

Da la'asar ya zauna a gindin darbejiya ya fara. Farkonta a hankali take tafiya, kamar mutum na magana da kansa, har Inna ta dakata da sussuka. Da ya kai inda za ta hau sama, sai iska kawai ta fito. Yatsu biyun da harsashi ya cire masa su ne masu toshe ramukan wurin. Ya sake, ya kuma sakewa.

Na ce, "Yaya, a kai takardar busar Kaduna mana, wani ya busa."

Ya ce, "Wani bai san inda ake numfashi ba. Zo, Binta, ara mini yatsunki."

Na durƙusa na ɗora su inda ya nuna. Ya ce in ya ɗaga gira in danna. Ko in makara, ko in riga shi. Bai yi faɗa ba. Ya goge bakin sarewar da hannun riga, ya ce, "Gaban ya fi daɗi, da kin ji."

Gaban nan kuwa ba ya cikin takardar. Sauran busar a kansa kaɗai take.