Kalmar Baba Raimi Mai Harafi Biyu

Jigwada, Keffi
4 ga Mayu

Zuwa ga angona Siman,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, in ka cire gwiwata da kakanka. Yaya Jos da karatu? Uwarka Filomina ta ce ka rame, to ba ni na hana ka abinci ba.

Ban kira ka a waya ba don kakanka, da ba ya jin kiran abinci, yana jin duk wayar da na yi. Kuma laifinka ne zan faɗa. Allon wasan haɗa kalmomin Turanci da ka kawo masa da Kirsimeti ya raba shi da Baba Raimi makanike, amininsa na shekara talatin.

Kullum da yamma suna gindin mangwaro suna jera 'yan katakai. Ka san kakanka, ya bar aikin hedimasta amma aikin bai bar shi ba. Ya kafa doka wai duk wanda ya ajiye kalma sai ya faɗi ma'anarta, ya sa ta cikin jimla, yadda ya riƙa wahalar da 'ya'yan mutane a Agwada. Shi kuwa Raimi ya haddace wasu guntayen kalmomi daga wayarsa. Ranar Talata ya ajiye QI a gurbin da ake ninka maki sau uku. Kakanka ya nemi ma'ana, Raimi ya ce dokar wasan ba ta ce sai an sani ba. Sai tsohon nan ya ce masa, a gaban 'yan kallo, da a ajinsa ne da yanzu yana durƙushe. Raimi fa, da ya bar makaranta a aji uku ya tafi koyon gyaran mota! Ya ɗauki hularsa ya tafi, bai sake leƙo mu ba.

Auren Seun 'yar Raimi saura mako biyu. Kakanka ne uban taro, an buga sunansa a kati, yanzu wai ba zai je ba. Ni da na riga na ɗinka anko! Allon kuma yana kan teburina da kalmomin a jere, ya hana a taɓa, wai shaida ce. A cinya nake tsince shinkafa.

Ka bincika mini, kalmar nan akwai ta? Me take nufi? Ka rubuto da Hausa, ajin da na kai bai wuce na Raimi da yawa ba. Ka ba da amsar ga direban da ya kawo maka takardar nan.

Ni ce amaryarka da ka jefa cikin rigima,
Kaka Lea


Jigwada, Keffi
13 ga Mayu

Angona Siman,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka addu'ar jarrabawa. Takardarka ta iso. Wai QI ƙarfin rai ne da mutanen Sin suka ce yana yawo a jikin mutum. A kan abin mutanen Sin tsofaffi biyu a Keffi suka daina gaisawa!

Ban nuna wa kakanka ba. Na je gidan Raimi kamar zan taya Bukola matarsa shirin biki. Da na kawo maganar, ya ce ko ɗaure shi za a yi ba zai koyi ma'ana don faranta wa wani ba. Sai na juya ina ba Bukola labari, da ƙarfi yadda zai ji, cewa sau uku na kama Hedimasta yana laluben tsohon ƙamus ɗinsa, wanda ya girmi uwarka, bai samu kalmar ba. Allah ya gafarta mini, sau biyu ne. Na kuma manta takardarka a kujerarsu da gangan.

Jiya da yamma sai ga Raimi. Ya tsaya gaban kakanka, ya sa hannu a baya kamar ɗan makaranta, ya faɗi ma'anar tsaf. Ya kawo jimlarsa da Turanci, wai ƙarfin ran Hedimasta ya ragu tun da ya rasa abokin wasa. Sannan ya tambaya cikin ladabi ko Hedimasta yana da gyara. Siman, kakanka ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya ce jimlar ba laifi, ya rubuta masa makinsa, da makin nan kuwa Raimi ya cinye wasan. Ya raka shi har bakin titi, na jiyo yana cewa maganar durƙuso bakinsa ne ya zame. Babbar rigarsa ta tafi wurin mai guga, za mu biki.

Kada ka ɗauka na huta. Yau da safe kakanka ya same ni a kicin yana magana ƙasa-ƙasa, wai in ce ka aiko da ma'anar duk guntayen kalmomin nan, kada Raimi ya ji. Ko awa ɗaya ba a yi ba Bukola ta shigo da irin saƙon daga mijinta. Ka aiko takarda ɗaya tak, da sunana a kai. Ni zan riƙa ba su ɗaya-ɗaya, wanda ya fi ladabi a makon shi zai samu.

Ka ci abinci, ka gai da abokanka.

Taka har kullum,
Kaka Lea