Maɓallin da Na Hana Safiya

Laraba da dare, unguwar Rusholme

Wata biyu ina koya wa ɗalibata Safiya, wadda ba ta iya magana da baki, Sifaniyanci a na'urar da take magana da ita, ban sa mata maɓallin "ba na so" ba. "Me gusta" kawai, wato ina so. A gidanmu yaro ba ya ce wa babba a'a, tarbiyyar ce ta biyo ni har aji. Yau da safe na ji kunya, na sa mata.

Da rana mutumin council, wato ƙaramar hukuma, ya zo duba na'urorin da suka ara mana, wai ana tsuke bakin aljihu, wataƙila a karɓe wasu. Ya miƙa hannu kan ta Safiya, ta danna: "No me gusta," wato ba na so.

Ya yi dariya, ya juya na'urar, ya rubuta lambar da ke bayanta.