Murmushin 'Yar Aikin da ke Jikin Bango

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Daga ɗakinmu na unguwar Al Satwa, nan ƙasar Larabawa, nake rubuto miki, ko da yake shekara uku ke nan da muka binne ki.

Mama, makon jiya kamfaninmu na shara ya tura ni wani gidan masu hali. A falonsu akwai tsohon zanen Turawa na zamanin da. A cikin zanen, maigida da baƙinsa suna zaune a tebur, mata na ɗaga kofi da yatsu biyu, har kare an ba shi matashi. Can bakin ƙofa wata 'yar aiki tana tsaye da buta, tana murmushi.

Madam, matar gidan, ta same ni ina goge katakon zanen. Ta ce, "Kin gani, habibti? Da can kowa ya san matsayinsa, kowa kuma yana jin daɗi."

Na ce haka ne, amma raina bai kwanta ba. Wa ya kira mai zanen? Ai maigidan ne. Wanda ya ci abincin gida zai zana fuskar yarinyar a murtuke? Na matsa kusa. Yatsunta jawur suke, a kumbure.

Sai na tuna ki a gidan da kika yi aiki a Kaduna, ranar Kirsimeti, mai hoto ya ce ki tsaya daga gefe ki yi dariya. Kika yi. Da muka koma boskwata, ɗakin 'yan aiki, kika tsoma ƙafafunki a ruwan gishiri, kika ce, "Rifkatu, in an ce miki ke 'yar gida ce, fara duba inda ake ajiye kwanonki."

Da na gama, Madam ta zuba min shayi a kofin takarda, ga na tangaran jere a gabanmu. Ta ce in bar kamfani in dawo wurinta, zan zama kamar ƙanwarta. Fasfona kuma, wai zai fi tsaro a akwatinta.

Wataƙila zuciyarta ɗaya, Mama. Ta nuna min ɗaki mai taga, ni kaɗai, ni da muke kwana mu shida. Kwana biyu ina juya maganar. Jiya na tura mata saƙo na ce na gode, ba zan zo ba. Ba ta amsa ba. Yau da safe shugabarmu ta ce gidan sun nemi a canja musu ma'aikaciya.

Da kina nan, da na kwantar da kai a cinyarki kin gaya min ko wauta na yi. Na yi kewarki ƙwarai.

Ubangiji ya ba ki hutun da ba ki samu a duniya ba. Ni kuma ya tsare ni a ƙasar mutane. Amin.

Taki har kullum,
Rifkatu